Kwat Ɗin Aro

Tela, ni ne. Ina zaune a kan kujerarki, gaban keken ɗinkinki, ƙafata a kan fedar da tafin ƙafarki ya goge har ta yi sulɓi. Farin zaren da kika bari a allura yana nan yadda kika bar shi. Inna ta zo da zane za ta lulluɓe keken, na ce ta bari. Labarin nan kin san shi, ai kina ciki. Amma akwai wuraren da ba ki gani ba, akwai kuma saƙon da kika ɗora mini, wanda ya tsaya mini a maƙogwaro kamar ƙayar kifi.

Kin tuna tsakar gidanmu da rana? Inna a bakin ƙofarta tana fifita, Yaya ya ajiye tasi ɗinsa a waje ya shigo cin abinci, ni kuma na dawo da maiƙon injin firiji har gwiwar hannu. Sai ki fito da tire, kin shimfiɗa masa ɗan farin ƙyalle, kin jera cokula kamar za a karɓi baƙi.

"Ga 'Yar Cokali nan!" in ji Yaya. "Auta, wanke hannu da kyau, kada ka ɓata wa Madam shimfiɗa."

"Sannu da dawowa, Yaya," ki ce, ki durƙusa ki ajiye masa.

"Riƙe sannunki. Mu da hannu muka ci muka girma, ga mu ba mu mutu ba."

Inna ita a hankali take saka nata, kamar allura. "Gidan wasu kukan jariri ke tashinsu da safe. Mu nan sai kukan keke — ƙwarr, ƙwarr! Shekara nawa yanzu?"

Sai ki yi murmushi ki koma ɗaki. Ni kaɗai na san abin da ke bayan labule: kina taka feda da ƙarfi ne don ƙarar ta rufe kukanki.

Ba zan ɓoye alherin Yaya ba. Tun da Baba ya rasu shi ya riƙe ni. Da makaranta ta gagara, shi ya kama hannuna ya kai ni koyon gyaran firiji da esi mai sanyaya ɗaki. Duk rigar da ke jikina ya san ta, don yawancinsu daga jikinsa suka sauko. Amma tun da matarsa ta bar shi ta auri wani mai manyan kaya, wani abu ya karye a cikinsa. Duk macen da ta yi kwalliya, a wurinsa wani take yi wa. Duk namijin da ya sa kwat, ɓarawon matan mutane ne.

Shi ya sa ranar da ɗan kwangila ya kawo miki yadi da kansa, gida ya kama da wuta. Mutumin nan shi ke ba ki aikin ƙyallayen goge baki na babban otal, ki yanka, ki ninke bakinsu, ki ɗinke. Ranar ya tsaya a ƙofar gida da motarsa mai sheƙi, kina daga ciki kina karɓa. Yaya ya sauko daga tasi ko kashe ta bai yi ba.

"Kai, uban wa kake nema a nan?"

"Malam, aiki na kawo—"

Bai ƙarasa ba Yaya ya cakumi wuyan rigarsa ya buga shi da bango. Ya fizge ƙunshin yadin ya watsa a kwata. Bai tsaya nan ba, ya faɗo ɗakinmu, ya sa ƙafa ya shure keken nan har kansa ya bugu da ƙasa. Ina shigowa na iske ki kin faɗa a kan keken kina kare shi da jikinki, shi kuma ya ɗaga hannu a kanki.

Ban san sa'ad da na riƙe shi ta baya ba. Muka zube a tsakar gida, muka kife randar ruwa, ya fasa mini leɓe da gwiwar hannu, ni kuma na kai wa yayan da ya goye ni naushi a ido. Inna tana ihu, "Wayyo, ta shiga tsakanin 'ya'yana! Ta raba mini gida!" Maƙwabta suka ɓamɓare mu da ƙyar.

Da yamma kina gasa mini baki da ruwan zafi na ce, "Tattara kayanki. Gobe zan nemo mana ɗaki ko a bayan gari ne."

"In mun tafi wa zai ɗebo wa Inna ruwan alwala? Wa zai shafa mata magani a gwiwa?"

"Matar da ke zaginki?"

"Ita ta haifa mini kai, Injiniya. Ko don wannan ta cancanci haƙurina." Kika matse tsumman. "Riƙe nan, bari in kai wa Yaya sauran ruwan. Idonsa ya kumbura."

Kika kai masa. Ya shure kwanon da ƙafa, ruwan ya zube miki a zane. Kika ɗauki kwanon kika dawo.

A duk shekarun nan abu ɗaya kika taɓa roƙona. Wata rana kina ninke ƙyallayen nan, tuli guda farare fes, kika ce, "Ni dai in ga inda suke zuwa. Sau ɗaya. In ga teburin da ake ɗora su, in ga bakin wa suke gogewa."

"Bakin masu ƙaton ciki mana."

"To kai ma ka tara cikin, ka kai ni."

Muka yi dariya, muka manta. Allah bai manta ba. Wata Juma'a ɗakin sanyi na kicin ɗin otal ɗin ya mutu, nama da kifi cike, manyan injiniyoyinsu ba sa gari. Aka kira ogana, ya tura ni. Na yini a kan injin har ya tashi. Manaja ya rasa inda zai sa ni don murna.

"Kana da iyali?"

"Ina da mata, ranka ya daɗe."

"Ka kawo ta ranar Lahadi da yamma. Ku ci abin da kuke so, baƙina ne ku."

Da na gaya miki, kika rufe baki da hannu biyu kamar yarinya. Muka shirya: ni ina da aiki da safe, daga can zan wuce, ke ki same ni a ƙofar otal bayan la'asar. Kika ce ke za ki sanar da Inna.

Abin da ya faru bayan fitata, Inna ce ta ba ni labari daga baya, tana kuka. Ta ce kin fito cikin shuɗiyar rigarki da kika ɗinka kika adana, ƙamshin turare ya riga ki isowa. Kika durƙusa.

"Inna, Auta ya ce in same shi a otal ɗin da nake wa ɗinki. An gayyace mu cin abinci."

"Auta? A otal? Yaron da ya fita da rigar aiki da akwatin sifana?"

"Wallahi, Inna."

"Je ki. Allah ya tona asirin mai ƙarya."

"Amin, Inna. Me zan taho miki da shi?"

Kina fita ta ɗauki waya ta kira Yaya. "'Yar Cokali ta ci ado ta fita, wai otal. Wai ƙanenka ne ya kira ta. Bi ta ka gano mini."

Ni ina ƙofar otal ina jiranki. Na biya wurin aski, an gyara mini kai da gemu, na wanke hannu da omo har fata ta yi fari. Da kika sauko daga mota, rana ta faɗo a kan shuɗin rigar nan, na ji kamar yau na fara ganinki.

Muka ratsa ta wani fili mai santsi kamar ruwa ya daskare, fitilu na lilo daga sama, sanyi ko'ina. Ni kunnena yana kan ƙarar esi, ina jin wane ne ke neman gas. Kika mintsine ni. "Yau ba aiki ka zo ba."

A bakin ɗakin cin abincin wani dattijo ya tare mu, babban weta, shugaban masu kai abinci, gashinsa fari, bayansa miƙe. Ya dubi sunan da manaja ya bar masa, ya dubi rigata ta aiki da hular hana-sallah da ke kaina, ya sassauta murya don kada kowa ya ji.

"Ranka ya daɗe, barka da zuwa. Sai dai wurin nan yana da doka: namiji ba ya zama a tebur sai da kwat."

Kunya ta rufe ni. "Baba, ni ko na aure ban taɓa sawa ba. Bari mu koma."

"Haba! Ina za ku? Ai don irin haka muke ajiye na aro. Biyo ni."

Ya buɗe wani ɗan ɗaki, kwat-kwat rataye a jere. Ya auna kafaɗata da ido ya zaro wani baƙi mai laushi. Ya karɓi rigar aikin da hular ya rataye, ya riƙe mini kwat ɗin na zura hannu, ya kakkaɓe mini kafaɗa kamar ɗansa. Wayata tana aljihun rigar aikin. Ko tunaninta ban yi ba.

Na fito, kika dube ni sama da ƙasa, kika juya wurin dattijon. "Baba, don Allah ba ka ga mijina ba? Wani ne siriri, yana warin gas."

"Hajiya, wancan ya tafi. Ki yi maneji da wannan Alhajin."

"To, zan duba. Alhaji, kana da mata?"

"Ina da wata tela mai surutu."

"Ayya. Allah ya ba ka haƙuri."

Aka kai mu tebur a jikin bangon gilashi. Ta waje ana hango lambu da wurin fakin motoci. Weta ya ja miki kujera kika zauna kina fuskantar ƙofa da gilashin, ni kuma na ba su baya. Ga kyandir, ga fure a kwalba, ga cokula da wuƙaƙe dama da hagu kamar kayan aikin likita.

"'Yar Cokali," na ce a hankali, "yau kin zo garinku. Wanne ake fara ɗauka?"

Ba ki ji ni ba. Hannunki yana kan farin ƙyallen da aka naɗe kamar fure a kan faranti. Kika warware shi, kika juya kusurwa, kika kai kusa da kyandir.

"Injiniya, duba! Nawa ne!"

"Ta yaya kika sani? Duk iri ɗaya ne."

"Ga shi, in na zo kusurwa sai na koma baya in sake bi, ya bar ɗan ƙulli kamar ƙwayar shinkafa. Ba mai yin haka sai ni." Kika leƙa teburin kusa, inda wani mai ƙaton ciki ke goge baki. "Wancan ma nawa ne. Kai, a hankali mana, Alhaji, da ƙyar na ɗinka!"

Na yi dariya har miya ta sarƙe ni. Aka kawo burodi mai ɗumi da man shanu, aka kawo miya a ɗan kwano, kika koya mini karkata cokali. Wani yana kaɗa piyano can ciki, a hankali, kamar ruwa na ɗiga a kwano. Sai aka kawo gasasshen kifi. Weta yana ɗaga murfi kika kau da kai, kika toshe hanci da ƙyallenki.

"Ke da kifi? Ke da kike tsotse ƙashinsa har mage ta yi fushi?"

"Kwana biyun nan ba na son warinsa."

"Ba ki da lafiya ne?"

"Lafiya lau. Na je asibiti ma." Kika miƙo hannu ta kan tebur kika kama nawa, idonki cike da hawaye, bakinki yana dariya. "Na ɓoye ne sai mun zo nan. Ka ce wa Inna ta kusa hutawa da kukan keke."

Na riƙe hannunki da hannu biyu, na sunkuyar da kai na ɗora goshina a kansa. Ina jin bugun jininki a yatsuna.

Wannan shi ne abin da Yaya ya gani. Yana tsaye a wurin fakin, jikin tasi ɗinsa. Masu gadi sun san shi, yana yawan ɗaukar baƙin otal ɗin, ba wanda ya tambaye shi. Ya kira wayata ya sake kira, tana ta ƙara a ɗakin kwat ita kaɗai. Ya kira ogana, aka ce ai Auta yana wurin aiki tun safe. Sai ya ɗaga ido, ta cikin gilashi ya ga matar ƙanensa tana dariya da hawaye, wani mai baƙin kwat da sabon aski ya ba shi baya, ya kife fuska a hannunta. Ƙanensa ba shi da kwat. Ƙanensa ba ya rabuwa da hula. Ƙanensa, a zatonsa, yana can saman rufin wani yana zufa. Ya buɗe but ɗin motarsa ya ɗauko sifanar taya ya zura a hannun riga.

Ni ban ga shigowarsa ba. Fuskarki na gani. Na ɗago na ga kin haskaka, kin fara miƙewa, kin ce, "Lah, ga Yaya! Yaya, bismil—" Sai hasken ya mutu a idonki.

"Auta!"

Ba ki taɓa kirana da sunan nan ba sai ranar. Kika faɗo ta kan tebur, kika ture ni da duk ƙarfinki. Kujerata ta kife. Ƙarfen da aka auno ƙeyata da shi ya sauka a gefen kanki.

Ƙarar ba ta da yawa, Tela. Kamar an fasa tukunya a ɗaki na nesa. Bayanta ne duniya ta tarwatse: tebur ya kife, farantai suka tarwatse, kyandir ya kama gefen shimfiɗa, mata na ihu, mai piyano ya tsaya cak. Na ga ƙafafun mutum a kaina, na ga ƙarfe ya sake tashi. Na rarumi ƙafafun na fizge, muka zube cikin fasassun kwalabe. Ya kai mini duka a kafaɗa na ji ƙashi ya amsa. Yana ihu, "Matar ƙanena? Matar ƙanena, ɗan iska?" Jini ya rufe mini kunne, muryar ba ta shiga ba. Na hau ruwan cikinsa, na damƙi wuyansa, ɗaya hannun ya faɗa kan wuƙar tebur, na ɗaga.

Sai muka ga juna.

"Auta?" ya ce. Muryarsa ta koma ta ƙaramin yaro. Ya dubi fuskata, ya dubi kwat ɗin, ya sake duban fuskata. "Auta... wa ya ba ka wannan rigar?"

Wuƙar ta zame daga hannuna. Masu gadi suka auko, suka janye shi da ƙafa, suka rufe shi da kulake da takalma. Bai kare kansa ba. Ni na rarrafa cikin gilasai na iso gare ki. Kina kwance a gefe, shuɗin rigarki yana komawa baƙi daga wuya. Ƙyallenki yana hannunki har lokacin. Na zare shi na danna a kan raunin, ya jiƙe nan take. Dattijon nan ya durƙusa yana miƙo mini wasu, ɗaya bayan ɗaya, duk ɗinkinki, duk suna shiga farare suna fita jajaye.

"A kira motar asibiti!" wani ya ce.

"Hanya a cushe take, ba za ta iso da wuri ba!"

Daga ƙarƙashin ƙafafun masu gadi Yaya ya ƙwalla, "Motata tana ƙofa! Ku kashe ni daga baya, motata tana ƙofa!" Ya fizge, haƙorinsa a karye, ido ɗaya a rufe, ya ruga. Na ɗauke ki. Ba ki da nauyi ko kaɗan, ku biyun.

Ban taɓa ganin tuƙi irin na ranar ba. Ya hau gefen titi, ya bi hannun da ba nasa ba, ya goge jikin motar da yake wankewa kullum kamar jaririya, hannunsa a kan hon, yana kuka yana salati. Ni ina baya, kanki a cinyata. Rana tana faɗuwa, haskenta ja yana ratsa fuskarki yana wucewa. Kika buɗe ido. Na kai kunnena bakinki.

"Kwat ɗin... ya yi maka kyau."

"Yi shiru. Mun kusa."

"Injiniya, ji mana. Ba don ƙina ya yi ba. Don kai ya yi. Ya ɗauka ana cin amanarka." Kika huta. "Ka ce masa na yafe. Ka ce wa Inna ma. Ka faɗa musu da bakinka... kada ka riƙe."

Na ɗago na ga idon Yaya a madubi yana kallon leɓɓanki. Ƙarar hon ba ta bar shi ya ji ba.

An shiga da ke, aka rufe ƙofa. Inna ta iso mayafinta a hannu, takalmi ƙafa ɗaya. Ta gan ni cikin kwat, jini har gwiwa, ta ja da baya ba ta gane ni ba ita ma. Muna nan tsaye likita ya fito yana cire safar hannu.

"Waye mijinta? Ka yi haƙuri. Mun yi iya ƙoƙarinmu, amma mun rasa su duka biyun."

"Su biyu?" in ji Inna. "Su wa? Likita, su wa?"

Ya dube ta. "Ai tana da juna biyu, Mama. Ba ku sani ba?"

Inna ta zauna a ƙasa daɓas, ta shiga marin fuskarta da hannu biyu, tana cewa, "Ni ce! Ni na aike shi!" har sai da ma'aikatan jinya suka riƙe ta. Yaya kuwa yana bakin ƙofar asibiti a kan dakali, makullin mota a gabansa. Bai motsa ba har 'yan sanda suka zo. Shi ya miƙa musu hannu.

Ranar zaman makoki unguwa ta cika, kuma kin san bakin mutane. Na ji ana raɗa: ai da wani aka kama ta a otal. Inna ma ta ji. Matar da ba ta iya tashi sai an kama ta, ta miƙe a tsakiyar mata, ta ɗaga murya har maza a waje suka yi tsit.

"Duk wadda ta sake faɗin haka, Allah ya isa tsakanina da ita! Da mijinta take! Ta durƙusa a gabana ta gaya mini gaskiya, na ƙaryata ta. Na zage ta shekara da shekaru, ba ta taɓa ɗaga ido ta dube ni ba. Ita ta tare wa ɗana mutuwa da kanta. Ban haifi kamarta ba, ku shaida!"

Da kin ji, Tela. Abin da kika yi ta jira ke nan. Haƙurinki bai faɗi ƙasa ba: yanzu a unguwar nan ba a ambatonki sai da addu'a, kuma Inna ba ta sallame salla ba tare da ta roƙa miki Aljanna ba, ke da abin da ke cikinki.

Dattijon otal ya zo gaisuwa. Ya kawo rigar aikina a goge, da hulata, da wayar. Na kunna na ga kiran Yaya jere a kan juna, duk ba a ɗaga ba. Dattijon ya riƙe hannuna. "Ni na sa maka shi da hannuna, ɗana. Shekaru ina sa wa mutane don kada su ji kunya." Na ce masa ba laifinsa ba ne, kuma gaskiya na faɗa. Kafin ya tafi ya ajiye mini farin ƙyalle guda, wankakke. Ƙullin yana nan a kusurwa.

Abin da na koya ba shi da yawa, amma da jini na saye shi. Zato shi ya kashe ki, ba ƙarfe ba. Ƙarfen a ƙarshe ya zo. An daɗe ana ɗaga shi a tsakar gidanmu, da habaici, da harara, da kiran waya guda. Duk wanda ya hango bayan mutum, ya daure ya zagaya ya ga fuskarsa kafin ya ɗaga hannu. Taku kaɗan ne tsakanin Yaya da fuskata. Da ya yi su, da yanzu yana tsokanarki a kan cokali, yana jiran ɗan da zai goya kamar yadda ya goye ni.

Yana tsare, ana jiran shari'a. Inna ta matsa na raka ta ziyara. Ya rame har rigar ta yi masa yawa, an ce ba ya cin abinci sai an tilasta shi. Bai nemi in yafe masa ba, bai tambayi lauya ba. Ya riƙe ƙarfen taga ya ce, "Auta, na ga bakinta yana motsi a madubi. Me ta ce? Ko tsinuwa ce ka gaya mini, zan ɗauka. Rashin sanin ne ke cina."

Na dube shi. Maganar ta taso har bakina. Sai na ga hannun da ke riƙe da ƙarfen tagar, na tuna abin da ya taɓa riƙewa. Na juya na fita.

Inna ma takan tsaya a bakin ƙofar nan, ta dubi keken, ta ce, "Ba ta bar mini ko kalma ba?" Sai in sunkuyar da kai.

Na san kin ce kada in riƙe. Na san ba nawa ba ne, amana ce, kuma mutum biyu suna narkewa a kan rashinta. Ke kin yafe cikin numfashi ɗaya, kanki a fashe. Ni da lafiyata na kasa ɗaukar yafiyar daga nan zuwa ƙofar Inna. Ina ji kamar in na furta ta, shi ke nan kin gama magana, ba sauran abinki a bakina.

Gobe ranar ziyara ce. Na ninke ƙyallenki na sa a aljihun rigar aiki, wadda Yaya ya sani, wadda ba zai ɓata ni a cikinta ba. Ki taya ni roƙon Allah ya buɗe mini baki. Amma har zuwa yanzu da nake zaune gaban kekenki, Tela, ban gaya wa kowa ba tukuna.